Darasi na Bakwai: Cunkoso a Ɗakin Agwagi

Agwagwa ta fi kaza juriya, shi ya sa masu kiwo da yawa ke ganin duk inda aka cusa ta za ta rayu. Tana iya rayuwa, amma ba za ta yi ƙiba ba, ƙwai ma sai kaɗan-kaɗan, kuma ranar da cuta ta shigo ba guda ɗaya za ta ɗauka ba.

Daga ƙasan ɗaki matsalar ke farawa. Agwagwa na shan ruwa da yawa, kashinta ruwa-ruwa ne, ga ta da son facaka da ruwan sha. Idan sun yi yawa a wuri ɗaya, shimfiɗar da aka zuba musu, ɓuntun shinkafa ne ko garin katako, ba ta samun bushewa. Sai ta caɓe, ta fara fitar da wani wari mai yaji da ake kira amoniya. Wannan iska tana cin ido, tana kuma raunana hanyar numfashi. Kai da ke tsaye kaɗan kake ji, amma agwagwa hancinta a kusa da ƙasa yake, kuma a nan take kwana. Don haka idan ka buɗe ɗakin da safe, tsuguna ka shaƙa. In idonka ya kawo ruwa, to su sun daɗe suna shan wahala.

Gwada shimfiɗar da hannunka. Ɗebi cikin tafi ka dunƙule, sannan ka saki. In ta warwatse, da sauranta. In ta zauna a cure, ta jiƙe, a kwashe ta. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana yin fumfuna, kuma fumfunar na shiga huhun 'yan agwagi, ka ga suna buɗe baki suna haki.

Duba ƙafafu ma. Ɗaga guda ɗaya ka juya tafin ƙafarta. Fatar wurin taushi gare ta, in ta daɗe cikin danshi sai ta tsattsage, ta yi baƙin tabo ko ta kumbura. Mai ɗingishi kuwa ba ta iya kokawar zuwa wurin abinci, sai ta rame manya na ture ta. A cikin matsi ne kuma suke fara tsigar gashin juna, musamman a fiffike da gindin jela, har jini ya fito.

Cututtuka masu yaɗuwa sun fi samun dama a cunkoso, domin duka daga mazubi ɗaya suke sha, suna taka kashin juna. Kwalarar kaji tana kama agwagi. Murar tsuntsaye kuwa agwagwa na iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna alama ba, shi ya sa haɗa su ɗaki ɗaya da kaji ganganci ne. In ka ga suna mutuwa a jere, ware marasa lafiya ka kira likitan dabbobi, kada ka tsaya gwajin magani.

To wuri nawa ya ishe su? Manyan agwagi kada su wuce uku a kowane murabba'in mita ɗaya. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 murabba'in mita 12 ke nan, wato agwagi 36. Ka tuna 'yan agwagi saurin girma gare su, wurin da ya ishe su yau zai matse su kafin sati biyu. A bar tagogi iska na ratsawa, a ajiye ruwan sha a gefe guda inda zai tsiyaye waje, ya kuma kai zurfin da za su tsoma kai su wanke ido da hanci.

Aikin gida: Auna tsawo da faɗin ɗakin agwaginka, ka ƙirga su, ka rubuta a littafinka nawa ne suka yi yawa. Ka zo da amsar darasi na gaba.