Yadda ake tsara musayar 'yan wasa don tayar da kulob ɗin besbol da ya durƙushe

Kulob ɗin da ya sha kashi sau 95 ko 100 cikin wasanni 162 na kakar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba ya miƙewa da zuwan gwarzo ɗaya ko biyu. Kuma a besbol na Amurka ba kasafai ake sayen babban ɗan wasa da tsabar kuɗi ba kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kwantiragin kowa kuma ya bi shi yadda yake. Don haka mai tsara musaya ya san abin da yake kai wa kasuwa: shekarun da suka rage wa kulob na iko da ɗan wasa, da albashin da za a biya shi a cikinsu. Shahara da farin jini suna cika fili da 'yan kallo, amma a teburin ciniki shekaru ake ƙirgawa.

Fara da tsayar da shekara

Kafin ka ambaci sunan kowa, ka tsayar da kakar da kake sa ran kulob zai koma takara, galibi shekara uku zuwa huɗu nan gaba. Sai ka jera 'yan wasanka, gaban kowane suna ka rubuta shekarar da zai samu 'yancin tafiya inda ya ga dama. Lissafin a bayyane yake. Kwana 172 a jerin babban kulob, wato wanda ke buga MLB, shi ne shekara ɗaya ta aiki. A shekaru ukun farko ɗan wasa yana karɓar kusan mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance dala 760,000 a 2025. Daga nan sai shekarun sasanta albashi, inda kuɗinsa ke hawa kowace kaka gwargwadon aikinsa. Da ya cika shekara shida, ya zama mai 'yancin kansa.

Duk wanda 'yancinsa zai zo kafin shekarar da ka tsayar, na kasuwa ne, sai fa in an amince zai sa hannu a sabon kwantiragi. Wanda zai kai wannan shekara yana ƙasa da 30 kuma da sauran iko a kansa, shi ne harsashin gini, ba a taɓa shi sai da tayin da ya wuce hankali. Matsalar tana wurin na tsakiya: gwarzo mai shekara 28 da ya rage kaka biyu da rabi. Magoya baya za su ce a riƙe shi. Lissafi yakan ce yanzu ne ya fi tsada.

Dubi misalai biyu. A Yulin 2018 Orioles ta miƙa Manny Machado ga Dodgers saura 'yan watanni kwantiraginsa ya ƙare. Ta karɓi mutum biyar, a cikinsu Dean Kremer kaɗai ya zauna mata da gindinsa. A ranar 2 ga Agustan 2022 Nationals ta ba Padres Juan Soto da sauran kaka biyu da rabi a kansa, ta haɗa da Josh Bell, ta kwaso CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da wasu uku. Machado ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Abin da ya bambanta cinikin biyu shi ne Padres ta sayi damar shiga gasar ƙarshen kaka, inda ake neman kofi, da gwarzon har sau uku, Dodgers kuwa sau ɗaya.

Yi wa kowa kuɗi kafin ka nemi mai saye

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne WAR, wato yawan nasarorin da ɗan wasa ke ƙara wa kulob fiye da wanda za a ɗauko daga ƙananan rukunoni a cike gurbinsa. Ɗan wasa na yau da kullum yakan kawo kamar 2 a kaka, mai 5 gwarzo ne. Masu lissafi sukan sa wa kowace nasara kuɗi kimanin dala miliyan 8 ko sama da haka a kasuwar masu 'yanci. Ka ɗauki mai jifa ɗan shekara 29 da ake sa ran zai kawo 3 a kowace kaka, da sauran kaka biyu. Aikinsa ya kai miliyan 48. In albashinsa zai zama miliyan 7 bana da 11 baɗi, rarar da mai saye zai ci ita ce miliyan 30. Wannan rarar ce farashinka, ita za a biya ka da matasa. Wani mai jifan da ke aiki daidai da nasa amma yana karɓar miliyan 25 a shekara ba shi da rara ko kaɗan, ko da ya fi shi suna nesa ba kusa ba. Yawancin shawarwarin musaya da ake yi wa dariya a nan suke tuntuɓe: an ɗauki tsohon gwarzo mai nauyin albashi an nemi matashi na ɗaya a gidan wani.

Lokacin kai kaya kasuwa

Kasuwa biyu ce. Ta farko tana rufewa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kuma tun 2019 babu sauran ƙofar baya ta watan Agusta da ake bi a da. Ta biyu ita ce ta hunturu, bayan World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin MLB. Masu karɓar jifa a ƙarshen wasa da waɗanda kwantiraginsu ke ƙarewa sun fi tsada a Yuli, domin mai saye ya riga ya ga gasar ƙarshen kaka a gabansa kuma ya san inda ke masa ciwo. A Yulin 2016 Yankees ta ba Cubs Aroldis Chapman na wata uku kacal, ta karɓi Gleyber Torres da wasu, sannan a Disamba ta sake ɗaukar Chapman ɗin a matsayin mai 'yanci. Mai buɗe jifa da ke da shekaru biyu ko uku a kansa kuwa ya fi kyau a hunturu, lokacin da kulob da yawa ke ganin kansu a takara kuma ba wanda ya gama kashe kuɗinsa. Haka White Sox ta yi da Chris Sale a Disamban 2016 da Garrett Crochet a Disamban 2024.

Tun 2022 kulob 12 cikin 30 ke shiga gasar ƙarshen kaka. Masu saye sun yi yawa, masu sayarwa sun yi kaɗan, wanda ya yarda da halin da yake ciki da wuri shi ke cin wannan riba. Jinkiri kuma yana da tsada musamman da masu jifa, don jijiyar gwiwar hannu ba ta sallama. Tiyatar Tommy John, wadda ake gyara wannan jijiya da ita, tana cin wata 12 zuwa 18, kuma ranar da aka sanar da ita farashi ya faɗi warwas.

Ga wanda zai tafi a ƙarshen kaka, akwai ƙasan farashi da bai kamata ka sauka ƙasa da shi ba. In ka riƙe shi, ka yi masa tayin shekara ɗaya na ƙa'ida, wanda ya kai dala miliyan 21.05 bayan kakar 2024, ya ƙi ya tafi wani wuri, za ka samu gurbi ɗaya na diyya a zaɓen matasa, inda kulob-kulob ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi kowace shekara. Tayin da bai fi wannan gurbi daraja ba, a bar shi. Amma kada wannan ya zama dalilin riƙe babban kaya. A 2023 Angels ta ƙi sakin Shohei Ohtani, ta ma ƙara saye a Yuli, ta gama kaka da nasara 73 da kashi 89. A Disamba ya koma Dodgers kan dala miliyan 700, abin da ya rage wa Angels gurbin diyya ne.

Me za ka nema

Nemi mutum ɗaya da zai iya zama gwarzo, sauran su biyo baya. Masu farautar matasa suna auna su daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin ɗan wasa na yau da kullum a babban kulob, 60 kuwa wanda ake sa ran zai shiga sahun taurari. Ɗaya mai 60 ya fi huɗu masu 40, domin irin masu 40 ana samun su kusan kyauta kowace shekara, kuma kowannensu gurbi zai ci. Kada ka zaɓa bisa gurbin da kake da giɓi a yau. Wanda ya iya tsaron tsakanin tushe na biyu da na uku zai iya komawa kusan ko'ina a fili, kuma giɓin bana ba shi ne na shekara huɗu masu zuwa ba. In daraja ta zo ɗaya tsakanin mai bugu da mai jifa, mai bugu ya fi tabbas, saboda rauni.

Sai mutum na uku ko na huɗu a cinikin, wanda jaridu ba sa kula da shi. A nan ne ake gane kulob mai idanu. Nemi yaro ɗan 17 ko 18 da bai wuce matakin farko ba amma yana da abu ɗaya da ya fita daban, ƙarfin bugu ko saurin jifa. A 2016 Padres ta karɓi Fernando Tatis Jr. daga White Sox cikin cinikin James Shields, bai buga ko wasa ɗaya na ƙwararru ba. A shekarar ce Astros ta ba da Josh Fields ta karɓi Yordan Alvarez daga Dodgers. Akwai kuma wanda ya riga ya hau babban kulob ya kasa, gidansu sun gaji da shi, kamar Jake Arrieta a Orioles. Cubs ta ɗauki Scott Feldman na shekara ɗaya, ya yi wata uku yana jifa mai kyau, a Yulin 2013 ta tura shi Orioles ta karɓi Jake Arrieta da Pedro Strop. Arrieta ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2015, Cubs ta ɗauki World Series a 2016, karo na farko tun 1908. Wannan dabara ta ɗaukar tsofaffin hannu na shekara ɗaya don a juya su a Yuli ita ce mafi arha a duk aikin, ya kamata a yi ta da mutum uku ko huɗu kowace kaka, da sanin cewa rabinsu ba za su yi kasuwa ba.

Ko an yi komai daidai, matasa suna faɗuwa. A Disamban 2007 Marlins ta ba Tigers Miguel Cabrera da Dontrelle Willis ta karɓi mutum shida, ciki har da Cameron Maybin da Andrew Miller da kowa ke yabo a lokacin, kuma ba ta ci moriyar kirki daga cikinsu ba. Shi ya sa ba a ɗora gini kan ciniki ɗaya.

Kuɗi a cikin ciniki

Kulob mai sake gini yana da albashi kaɗan, wannan kuwa makami ne. In ka yarda ka ci gaba da biyan wani kaso na albashin wanda ka sayar, ka ƙirƙiri rarar da babu ita, mai saye kuma zai biya da matashi mafi kyau. Mets ta yi haka a 2023 da Max Scherzer da Justin Verlander. Kana iya karɓar mummunan kwantiragi daga kulob ɗin da ke tsoron harajin wuce iyakar albashi, wadda ta kasance dala miliyan 241 a 2025, da sharaɗin a haɗa maka da matashi. Abin da ba a yi shi ne akasin haka, wato liƙa wa gwarzonka wani nauyi don a rage kashe kuɗi. A Fabrairun 2020 Red Sox ta haɗa Mookie Betts da David Price zuwa Dodgers, nauyin kwantiragin Price ya rage abin da ta karɓa: Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong.

Ƙa'idojin da ke kashe shawara tun a takarda

Gurabun zaɓen matasa ba a musayar su, in ban da 'yan kaɗan na daidaita takara da ake ba ƙananan kasuwanni. Kason kuɗin ɗaukar matasan ƙasashen waje kuwa ana musayarsa, ka roƙe shi a matsayin gyara. Ɗan wasan da ya shekara goma a MLB, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, yana da ikon ƙin tafiya, haka wanda aka rubuta masa wannan a kwantiragi. Mai 'yancin da ya sa hannu a hunturu ba a musayar shi ba da yardarsa ba sai bayan 15 ga Yuni. In an ce za a faɗi sunan wani ɗan wasa na cikin cinikin daga baya, wata shida ne iyaka.

Jerin mutum 40, wato 'yan wasan da kulob ya kare daga ɗaukar wasu, shi ne wanda aka fi mantawa. Matashin da aka ɗauka yana ɗan 18 ko ƙasa dole a sa shi a jerin bayan kaka biyar, wanda aka ɗauka yana 19 ko sama bayan huɗu, in ba haka ba wani kulob ya ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na Disamba kan dala 100,000. In ka karɓi mutum shida da duk lokacinsu ya yi, sai ka kori wasu don ba su wuri. Ta ɗaya gefen kuma, kulob ɗin da jerinsa ya cika maƙil yakan saki irin waɗannan da sauƙi a Nuwamba, nan ne wurin zuwa cefane.

Kada a gina shiri kan cewa yawan shan kashi zai kawo gurbi na ɗaya. Tun zaɓen 2023 ƙuri'a ake jefawa kan gurabu shida na farko, kuma akwai iyaka kan shiga ƙuri'ar a jere. White Sox ta sha kashi 121 a 2024, ta zaɓa a gurbi na goma a 2025.

Binciken lafiya ma yana rusa ciniki bayan an gama magana. Tsarin farko na cinikin Betts sai da aka sake shi saboda abin da Red Sox ta gani a takardun lafiyar Brusdar Graterol, mai jifan da aka shirya ba ta. Ka ajiye suna na biyu a kowane gurbi tun kafin a kai nan.

Da ka gama rubuta shawara, ka koma kujerar ɗaya kulob ɗin ka karanta ta. Suna cikin takara bana? Suna da giɓi a gurbin da kake cikewa? Albashin zai tura su cikin haraji? Matashin da ka nema yana da wanda ya tare masa hanya a gidansu, ko shi suke jira? In amsa ɗaya ta ƙi, ka rage abin da ka nema, ko ka ƙara kuɗi, ko ka nemi kulob na uku da ke da abin da suke so ya shigo tsakani.