Yadda Ake Gano Matsalar Injin Wanke Kwanuka a Gyara a Gida

Aiki huɗu injin wanke kwanuka yake yi: ya ɗebi ruwa, ya zafafa shi, ya fesa wa kwanuka, sannan ya zubar da shi. Kusan duk matsalar da za ta taso tana cikin ɗayan huɗun nan, kuma sau da yawa babu abin da ya ƙone, wata hanya ce kawai ta toshe. Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin inji mai tsada an jingine shi a lungun kicin ya zama wurin ajiye leda, alhali ƙashin kifi ne ya maƙale masa. Don haka ku bi hanyar ruwan daga shigarsa zuwa fitarsa, ku fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Kafin ku taɓa komai, ku zare filogi daga soket, ku rufe famfon da ke ba injin ruwa. Kashe maɓallin gaba bai isa ba, wuta tana nan a ciki. Ku tanadi tocila, sukudireba, tsohon buroshin haƙori, soso da tsummoki.

Mataki na 1: Idan ya ƙi tashi

Ku jona wani abu a soket ɗin ku gani ko akwai wuta, sannan ku duba fis mai amfiya 13 da ke cikin filogi mai ƙafa uku. Idan fitilun injin suna kamawa amma ya ƙi fara aiki, ku zargi ƙofa. Akwai ɗan makulli a samanta da ke shaida wa injin an rufe, in bai ji ƙas ba, ba zai motsa ba. Wani lokacin kwando ne bai shige sosai ba, ko hannun tukunya ya tokare.

Ku tuna cewa lokacin dafa ruwa injin yana jan wuta kusan wat 2000. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, siririyar wayar ƙari kuma narkewa za ta yi. Inda wuta ke zuwa da rauni ko tana yawan hawa da sauka, a sa masa sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace, domin allon kwamfutarsa yana cikin kayan da suka fi tsada.

Mataki na 2: Idan ruwa ba ya shiga

Za ku ji yana gurnani amma cikinsa a bushe. Injin LG kan nuna alamar IE a fuskarsa, na Samsung 4C ko 4E, wasu kuma su kunna hoton famfo. Ku leƙa bayansa ku gani ko tiyon ya lanƙwashe. Sai ku kwance tiyon daga bakin famfo: akwai 'yar raga a wurin da ke tare yashi da tsatsa. Ku zaro ta da filaya a hankali, ku wanke, ku mayar.

Ga wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Injuna da yawa suna buƙatar ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar (ma'aunin ƙarfin ruwa), wato abin da tanki ke bayarwa idan ya ɗara injin tsawo da kamar mita 5. Gidan da tankinsa ke kan gajeren ƙarfe, ko kicin ɗin yana bene kusa da tankin, ruwa zai riƙa zuwa a sanyaye har injin ya gaji da jira ya tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: ku sa bokiti a bakin famfon, in ya kasa cika lita 10 cikin kamar minti ɗaya, to laifin ba na injin ba ne. Maganinsa a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin injin ƙara wa ruwa ƙarfi. Tiyon da ke da ɗan akwati a bakinsa kuwa sau da yawa akwai waya a cikinsa, kada a yanke shi don a rage tsawo.

Mataki na 3: Idan kwanuka suna fitowa da datti

Nan ne ƙorafi ya fi yawa, nan ne kuma gyara ya fi araha. Injin ba ya canza ruwa kowane lokaci, ruwa kaɗan yake juyawa yana sake fesawa, matata ce ke tace shi. Idan matatar ta toshe, da ruwan datti ake wanke muku faranti.

Ku zaro kwandon ƙasa. A tsakiyar gindin injin za ku ga matata mai siffar kofi, ku murɗa ta hagu ku ɗago, tare da faffaɗan ragar da ke ƙarƙashinta. A gidan da ake cin tuwo da miyar manja, abin da za ku tarar ba daɗin gani: manja da kitse sun daskare sun haɗu da ƙanzo sun like ragar. Ku jiƙa ta a ruwan zafi, ku goge da buroshi har haske ya riƙa ratsa ta. Sau ɗaya a mako ba yawa ba ne. Idan aka zo mayarwa a murɗa har ta kulle, matatar da ba ta zauna daidai ba ita ke barin tarkace ya wuce ya shiga inda ba a so.

Sai hannayen feshi, waɗannan da ke juyawa ƙasa da sama. Ku cire su, ku ɗaga su a haske, ku tsokale kowane rami da tsinken sakace. Ƙwayar shinkafa, 'ya'yan tattasai da na tumatir su ne suka fi toshe su. Kada a yi amfani da ƙusa, za ta faɗaɗa ramin feshin ya rasa ƙarfi. Bayan kun jera kaya, ku juya hannun da yatsa ku tabbatar ludayi ko babban tire bai tare shi ba.

Idan kofunan gilashi suna fitowa da farin hazo kamar an shafa musu alli, ruwanku ne mai nauyi, kamar yadda ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yake. Yawancin injunan da ake kawowa daga Turai suna da rumbun gishiri a gindi, mai murfin murɗawa. Gishiri na musamman ake zubawa, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba. Shi ke farfaɗo da na'urar da ke tausasa ruwan. Don cire farin hazon da ya riga ya taru, a kunna injin babu kaya a wanki mafi zafi, da garin tsamin lemo da ake sayarwa don wannan aiki.

Ba sai an ɗauraye faranti kafin a sa ba, a kankare ragowar abinci kawai. Amma muciya, akushi, ƙwarya da ludayin duma ba su da wuri a injin nan, zafi zai tsattsaga su. Tukunyar alminiyam ma baƙi take yi.

Mataki na 4: Idan ruwa ya kwanta a ciki

Ɗan ruwa a ramin matata ba matsala ba ne. Idan ya rufe gindin injin, to bai fita ba. Bosch kan nuna E24 ko E25, LG OE, Samsung 5C ko 5E.

Ku kwashe ruwan da kofi, ku tsane sauran da soso, ku cire matata. A injuna da yawa akwai ɗan murfin roba a gefen ramin, ana ɓalle shi da cokali. A bayansa akwai 'yar farfela da ke tura ruwa waje. Ku haska da tocila kafin ku zura hannu, ku kuma sa safar hannu, domin fasasshen gilashi yana yawan zama a wurin. Ƙashin kaza, ƙwallon dabino, tsinken tsire, duk ana samu. Ku cire, ku juya farfelar ku ji tana tafiya, ku mayar da murfin har ya kama. In bai zauna ba, injin zai ci gaba da nuna matsala.

Idan nan lafiya, ku bi tiyon fitar ruwa har inda ya haɗu da bututun ƙarƙashin sinki. Ku kwance ku duba, kitse kan toshe mahaɗar. Tiyon ya kamata ya hau sama kusa da saman kanta kafin ya sauko, in ba haka ba ruwan sinki zai riƙa komawa cikin injin, wari ya biyo baya. In kuwa sabon haɗi ne kuma bai taɓa zubarwa ba ko sau ɗaya, wataƙila mai haɗawa bai cire toshiyar da ke bakin mahaɗar ba.

Mataki na 5: Idan yana yoyo

Tambayar farko: wane sabulu aka zuba? Sabulun ruwa na wanke-wanken hannu ko garin wankin tufafi kumfa suke yi, kumfar ta cika injin ta tsiyayo ta ƙofa. Ko cokali ɗaya ya isa ya jawo haka. Sabulun injin daban ne, ba ya kumfa. Idan ba shi ba ne, ku goge robar da ta zagaye ƙofa ku duba ko ta tsage, ku kuma tabbatar injin a daidaice yake tsaye, ana daidaita shi da murɗa ƙafafunsa.

Injunan zamani suna da tire a can ƙasa da ɗan abin da ke tasowa idan ruwa ya taru. Da ya taso sai injin ya rufe shigar ruwa ya riƙa zuƙa ba tsayawa. Wannan ne E15 a Bosch, AE a LG, LC a Samsung. Mutane kan karkata injin ruwan ya zube alamar ta ɓace. Zai tashi, amma yoyon yana nan. A cire murfin ƙasa, a tsane tiren, a gano inda ɗigon ke fitowa.

Mataki na 6: Idan ruwa ba ya zafi

Alamarsa maiƙo a jikin faranti, sabulu bai narke ba, kuma babu tururi idan an buɗe ƙofa a ƙarshen wanki. Ruwan ya kamata ya kai digiri 50 zuwa 70, gwargwadon wankin da aka zaɓa. Wanda ya iya aiki da mitar gwada wuta zai iya auna hitar bayan ya zare filogi: mai wat 2000 tana nuna kusan om 26, in mitar ba ta nuna komai ba, to hitar ta yanke. Sai dai a injuna da yawa na yanzu hitar a haɗe take da injin juya ruwa a can ƙarƙashi, sai an kwantar da injin kafin a kai gare ta. A nan nake ba da shawarar a kira mai gyara. Haka ma idan ana jin ƙaurin waya, ko injin yana jan mutum idan an taɓa ƙofarsa, ko yana kashe wutar gida da zarar an kunna. Waɗannan a daina amfani da shi nan take.

Kafin mai gyara ya zo, ku ɗauki hoton lambar samfurin da ke manne a gefen ƙofa ko samanta, da alamar da injin ya nuna, ku tura masa don ya taho da kayan da ya dace. Duk abin da ya ce ya mutu, ku roƙe shi ya gwada a gabanku, ya kuma bar muku tsohon bayan ya canza.