Shawara ga sababbin alƙalan ƙwallon ƙafar Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga waɗanda za su fara alƙalancin ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake kayar da mai riƙe da ƙwallo, shawarata ta farko ita ce ku rage gaggawar busa usur. Kada ku busa sai idonku ya ga ƙwallon a hannun ɗan wasan da aka kayar, domin sau da yawa mai jefa ƙwallo yakan yi kamar ya miƙa wa mai gudu alhali tana hannunsa, kuma da zarar an busa, wasan ya mutu ko da wani yana gab da cin maki shida.

Ku kuma san littafin dokokin da ake amfani da shi. Yawancin makarantun sakandare a Amurka suna bin dokokin NFHS, wato ƙungiyar da ke tsara dokokin wasannin sakandare na ƙasar, waɗanda suka sha bamban da na NFL, babbar gasar ƙwararru da ake gani a talabijin. Alal misali, idan mai tsaron baya ya tare mai karɓar ƙwallo ba bisa ƙa'ida ba bayan an jefo ƙwallon, hukuncin sakandare yadi 15 ne, a NFL kuwa ana kai ƙwallon inda aka yi laifin.

Idan kun jefa ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna an yi laifi, ku riƙe lambar rigar mai laifin da launinta, ku faɗa wa babban alƙali mai farar hula. Bayan busa usur kuma kada ku yi saurin sunkuyawa ɗaukar ƙwallo, domin a lokacin ne 'yan wasa suka fi ture juna.