Yadda Za Ka Dawo da Agogon Aljihu na Gado Bakin Aiki

Da farko, kada ka yi gaggawar yi masa wani, wato murɗa ɗan kan da ke jikinsa don ya tashi. Agogon da ya shekara da shekaru a cikin akwati, man cikinsa ya bushe, in ka tayar da shi haka ƙarafunansa cin juna za su yi. Kai wa mai gyaran agogo ya wanke ya sa sabon mai. In lambobinsa na haske a duhu kuma tsoho ne sosai, kada ka buɗe da kanka, domin irin wannan fenti yakan ƙunshi sinadarin radiyom, mai fitar da tururi mai illa ga lafiya.

Bayan ya dawo, riƙa yi masa wani kullum da safe, lokaci guda. Murɗa kan a hankali, da zarar ka ji ya yi tauri sai ka tsaya. Yawancinsu sukan yi kamar awa 30 kafin su tsaya.

Sai batun aikin da za ka ba shi. Ni na fi son a samo masa ɗan marataya a kan tebur, murfi a buɗe, kana rubutu kana jin ƙas-ƙas ɗinsa, ba sai ka ɗauki waya don duba lokaci ba. Ƙaramin hannun nan na daƙiƙa ma yana taimaka maka wajen ƙirga bugun jini: ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4, ka sami na minti ɗaya.

In za ka fita da shi, maƙala sarƙarsa a riga, ka ware masa aljihu shi kaɗai, ban da makullai. Ka nisanta shi da ruwa da maganaɗisu, musamman lasifika.