Ka duba bakin karanshaf kafin ka sayi injin nitro

Masu motar rimot mai injin nitro, in za ka canza inji kar ka tsaya kallon girma kawai wai .12 ne ko .21 ne, abin da ke hana inji zama a mota yawanci bakin karanshaf ne, wato wancan ƙarfen da ya leƙo gaba inda fulawil da kuloci suke hawa. Cire kwanon kulocin tsohon injinka, wato ƙarfen nan mai haƙoran giya da ke rufe kulocin, ka kalli bakin da kyau.

In ka ga tiredi ya tsaya a rabi, sauran bakin sumul yake ba tiredi, a can ƙarshe kuma akwai ɗan rami da ƙaramin sukuru ke shiga, to SG ke nan. Shi ne a kusan duk motocin tsere na 1/8 (kashi ɗaya cikin takwas na girman motar gaske) masu injin .21, kwanon kuloci da boris ɗinsa a kan karanshaf ɗin kansa suke juyawa, kaurin wurin milimita 5 ne, sukurun kuma M3, wato mai kaurin milimita 3. Ni dai shi na fi so, ƙarfe ɗaya ne daga ciki har waje don haka ba ya rawa.

Ɗayan kuma tiredi ne har ƙarshe, wasu na ce masa na OS, sunan wani kamfanin injina. Wannan ba inda boris zai zauna sai ka ɗaura masa noti na musamman mai ɗan hanci a gaba, a kan hancin ne kwanon zai hau, kuma in notin nan bai miƙe daidai ba za ka ga kwano na lilo yana cinye boris kullum. Wasu motocin ma sai an yanke bakin ya gajarta, in za ka yanka ka fara sa noti a ciki tukuna, da ka gama sai ka kwanto shi ya gyara maka tiredin. Injinan kamfanin Traxxas, TRX 2.5 da 3.3, nasu bakin ana ce masa IPS, ya yi kama da SG amma ɗan kilif ne ke riƙe kwanon, kar ka ɗauka ɗaya ne.

Wajen ɗaurawa, fara sa ɗan zoben tagullan nan mai tsini, sai fulawil, ka ɗiga maganin kulle tiredi mai shuɗi kaɗan, sannan noti. Riƙe fulawil ɗin da abin riƙonsa ka tamke. Don Allah kar ka cusa sukundireba ta ramin salansa wai ka tare fistin, fistin da silinda za ka kashe a banza. Bayan takalman kuloci sai kwano, ka riƙa ƙara siraran washa har ya zama yana juyawa sakayau da ɗan motsi gaba da baya kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. In ya matse, da ya ɗau zafi boris ya tafi.

Ka leƙa bayan injin ma. Mai igiyar ja akwai abin da ke kama karanshaf ta baya, wanda kuwa murfi ne kawai a bayansa, shi sai da akwatin tayarwa mai juya fulawil ta ƙasa, in ba ka da akwatin ka lissafa kuɗinsa tun kafin ka yi oda.