Inda ɗalibai ke tuntuɓe a liniya furogiramin ta hanyar giraf

Aikin wannan darasi ɗaya ne: a ba ka sharuɗɗa, a ce ka nemo x da y da za su ba da sakamako mafi girma ko mafi ƙanƙanta ba tare da an karya sharaɗi ko ɗaya ba. George Dantzig ya fito da hanyar simfileks a 1947 don matsalolin da ke da abubuwa masu yawa, amma a sakandare x da y kawai ake ba ka, shi ya sa takardar giraf da rula suka wadatar. Duk da haka maki na zubewa, kuma wuraren zubewar kusan ba sa canzawa.

Na farko tun kafin a ja layi yake faruwa, wajen mayar da magana lissafi. "Aƙalla" ≥ ne, "kada ya wuce" ≤ ne, wannan kowa ya haddace. Inda ake rikicewa shi ne irin "x ya kai aƙalla ninki biyu na y". Da yawa sai su rubuta 2x ≥ y, alhali x ≥ 2y ne daidai. Gwada da lamba: idan y 3 ne, dole x ya kai 6. Sa x = 2 a cikin 2x ≥ y, za ka ga ya amince da shi, ka san ke nan rubutun ya karkace. Kada kuma ka manta da x ≥ 0 da y ≥ 0 idan abin da ake ƙirgawa ba ya sauka ƙasa da sifili, ko da tambayar ba ta faɗa ba.

Sai zaɓen gefen layi. Wasu sun riƙe cewa ≤ na nufin "ƙasan layi" kullum. Ba kullum ba. A x − y ≤ 2, gefen da ake so yana saman layin ne. Ɗauki ɗigo (0, 0) ka sa a sharaɗin. Idan maganar ta zama gaskiya, gefen da ɗigon yake shi ne naka. Idan layin ya ratsa ta (0, 0), kamar y = 2x, sai ka gwada da (1, 0). Haka kuma duk lokacin da ka raba da lamba mai alamar ragi, bakin alamar yana juyawa: −2y ≥ −6 ya koma y ≤ 3. Ko ka shafe yankin da ake so da fensir ko wanda ba a so, duk ana yi, sai dai ka tsaya a kan ɗaya ka rubuta wanda ka bi.

Kuskuren da na ga ya fi ciwo shi ne ɗaukar kowace mahaɗar layi a matsayin kusurwa. A ce ana neman mafi girman P = 3x + 2y, da sharuɗɗan x + y ≤ 8 da 2x + y ≤ 10, x da y ba su gaza sifili ba. Kusurwoyin yankin, wato wurin da ya cika sharuɗɗan duka, huɗu ne: (0, 0), (5, 0), (2, 6) da (0, 8). Idan aka sa su a cikin P suna ba da 0, 15, 18 da 16, amsa ita ce 18 a (2, 6). To amma a kan takardar akwai (8, 0) da (0, 10), inda layukan suka taɓa layin x da layin y. Na farkon yana ba da 24, na biyun 20, sai ɗalibi ya ga babbar lamba ya yi murna. Sa (8, 0) a sharaɗi na biyu: 16 ya fito, ya haura 10, ɗigon yana waje. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kowane ɗigo sai ya tsallake sharuɗɗan duka kafin ka sa shi a cikin P.

Ita kanta (2, 6) kada ka dogara da ido wajen karanta ta, musamman idan fensirinka mai kauri ne. Cire x + y = 8 daga 2x + y = 10, x = 2 ya fito, y = 6.

Idan tambayar ta shafi abin da ba ya rabuwa, kamar motoci ko ma'aikata, akwai wani tarko. Mayar da sharaɗi na biyu 3x + y ≤ 13, sai kusurwar ta koma (2.5, 5.5). Wanda ya cike ta zuwa (3, 6) ya karya x + y ≤ 8, don 9 ya samu. (3, 5) ma ya faɗi, 14 ya fi 13. Dole ka duba cikakkun lambobin da ke cikin yankin kusa da kusurwar: (3, 4) na ba da 17, (1, 7) ma 17, (2, 6) na ba da 18, shi ne amsa.

Wani lokaci kusurwa biyu su ba da lamba ɗaya, ɗalibi ya zaci ya ɓata lissafi ya hau gogewa. A misalin farko, da P = 2x + y ne, (5, 0) da (2, 6) duk 10 za su bayar, domin layin P yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin 2x + y = 10 da ya haɗa su, kuma kowane ɗigo a tsakaninsu amsa ne. Idan kuwa yankin buɗe yake ta sama, ba shi da iyaka, ana iya samun mafi ƙanƙanta a rasa mafi girma, kuma faɗin hakan shi ne amsar da ake nema.

A layin ƙarshe rubuta x, rubuta y, rubuta P, kowanne da sunan abin da yake wakilta a tambayar. Mai duba takarda ba zai bi giraf ɗinka yana nemo maka su ba.