Yadda na gyara sautin da ganguna suka danne

A gwajin farko na wasan da ya haɗa 'yan rok (kiɗan Turawa mai ƙarar jita da ganguna) da rukunin mawaƙa da masu goge, da mawaƙin rok ya kaɗa jitarsa ganguna suka biyo baya, sai muryoyin rukunin mawaƙa da gogen Turawa suka ɓace, domin makirufonsu ƙarar ganguna yake ɗauka. Abin ya dame ni ƙwarai, ganin wahalar da suka sha wajen shiri.

Na kewaye mai ganga da katangar roba mai kama da gilashi, na mayar da lasifikar jita bayan dandamali, sannan na maƙala wa kowane goge ƙaramin makirufo. Lasifikokin ƙasan dandamali da makaɗa ke jin kiɗansu ta ciki kuwa na cire su, na ba 'yan rok na'urar kunne mai ƙirga bugu, madugun makaɗa ma ya sa tasa. Daga nan aka ji baitocin waƙar har kujerar ƙarshe.